Gwangwanin Duane Ya Yi Nauyi

Yayana Merle Haugen ba ya yarda da kowa. Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, saboda haka ina da hurumin faɗa. In ka gaishe shi da fara'a sai ya tsaya yana kallonka, yana neman abin da kake so a wurinsa. In kuma ka wuce ba ka gaishe shi ba, to ya tabbata akwai abin da ka aikata. Shagonsa yana tsallaken titi, daidai saitin gidan abincina a nan Redwillow, gabashin jihar Montana ta Amurka, don haka duk mai shiga da mai fita ta taga nake ganinsa ina suyar ƙwai.

Sana'arsa ƙera abin rage ƙarar bindiga, wanda mu nan muke kira gwangwani, don da gwangwanin ya yi kama: bututun ƙarfe ne da ake murɗawa a bakin bindiga. Shi yake ƙerawa, shi yake daidaita shi da bindigar mai shi, in ya cika da kunkunniya kuma shi ake kawo wa ya wanke. Lasisinsa na gwamnati yana manne a bango cikin gilashi, kuma kowace safiya sai ya goge gilashin kafin ya goge fuskarsa. In kana son ka ga ɓacin ransa, ka ce masa gwangwani yana sa bindiga ta yi shiru kamar yadda ake nunawa a fim. Zai ajiye abin da yake yi ya ce, "Shiru? Je ka tsaya kusa da babbar bindiga mai gwangwani ka gani. Kunnenka kawai yake ceto, ba asirinka ba."

Maganar kunnen nan ita ce tushen sana'ar. Babanmu da harbi ya kurmance, har ya bar duniya sai an yi masa ihu. Merle kuwa tun yana saurayi ya rasa kunnensa na hagu, ranar da suka fita farauta da abokinsa Duane Pribyl, barewa ta tashi, Duane ya saki harsashi daf da kansa. Tun daga ranar rabin maganar duniya take wuce shi, kuma mutumin da ba ya jin rabin magana, ragowar rabin da kansa yake cikewa. In mutum biyu suka yi dariya a gefensa na hagu, to da shi suke. Haka ya girma, haka ya tsufa. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta gaji da tambayoyi ta koma garinsu.

Abin mamaki, mutum ɗaya tak da ya yarda da shi a duniya shi ne Duane ɗin. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Shi ai ya riga ya yi mini iyakar abin da zai yi."

Duane makiyayi ne, gonarsa da shanunsa suna can arewa da gari. Ƙato ne, muryarsa tana riga shi shigowa ɗaki. Duk yankin an san shi da babbar bindigarsa, irin wadda in ta tashi take naushin kafaɗa kamar ƙofa ta bugo ka, kuma an san ba ya kuskure. Ƙaramar bindiga kuwa, wadda ake koya wa yara harbin kurege da ita, ba ya ko taɓa ta. "Bindigar 'yan makaranta," yake ce mata. In ya ga babban mutum da ita a shagon Merle sai ya tambaye shi ko mamarsa ta san ya fito.

Kusan kullum da safe a wurina suke karyawa, Duane a hannun damar Merle, gefen kunnen da ke ji.

"Kurma, ka tashi lafiya?"

"Uban wa ya kurmantar da ni?"

"Ai taimakonka na yi. Da ba don ni ba da yanzu kana can kana gyaran famfo."

"Marlys, zuba wa tsohon banzan nan kofi ko bakinsa zai rufu."

Ni ce Marlys ɗin. Sai in zuba, in kawo musu soyayyen dankali da ƙwai, su ci gaba da zagin juna har faranti ya koma fari.

To, a ƙarshen wani hunturu aka fara tsintar barewa a mace. Ba lokacin da doka ta yarda a yi farauta ba ne. Ta farko a bakin gonar ciyawa aka gan ta, ta biyu kusa da rafi, daga baya abin ya yi yawa har mutane suka daina mamaki. Kowace da ɗan ƙaramin rami a kai, irin na ƙaramin harsashi, an yanke naman baya an bar sauran ga diloli. Kuma duk gidajen da ke kusa ba wanda ya ce ya ji ƙara.

Wannan rashin jin ƙarar shi ya juyo da idanun gari kan shagon yayana. Ba wanda ya fito ya faɗa. Sai dai in ya shigo wurina hira ta ragu, wani ya ce, "Ai yanzu komai a ɓoye ake yi, tunda akwai kayan aiki," ya kurɓi kofi yana kallon rufi. Wannan karon da shi ake yi da gaske, kuma da kunnen dama aka faɗa masa.

Malamar daji mai kula da dokar farauta, Tess Okerlund, ta zo shagon da rana tsaka. Yarinya ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Na kai masa abincin rana na tarar da ita tsaye ta cire hula.

"Baba Merle, ba zarginka nake ba," ta ce. "Amma kusan duk gwangwanin da ke yankin nan ta hannunka yake bi. In ka ga wani abu da bai kwanta maka ba, ka san inda nake."

"Kuma in ban gani ba?"

"Shi ke nan, ba ka gani ba."

Da ta fita ya ce mini, "Kin ji ko? Zargina take."

"Ta ce ba ta zarginka, Yaya."

"Shi ya sa na sani."

Da dusar ƙanƙara ta fara narkewa, makiyaya suka fara kawo kayansu wanki kamar yadda aka saba kafin shanu su fara haihuwa, lokacin da diloli suke matsowa garke. Duane ma ya kawo nasa. Ina shagon a lokacin. Ya zaro shi daga aljihun rigar sanyi da hannun hagu ya dangwarar da shi a kan tebur, hannun dama yana cikin aljihu, ya ce, "Wanke mini wannan, kuma kar ka shekara a kai," ya juya ya fita ba tare da zagin da aka saba ba.

Merle ya ɗauki gwangwanin. Sai na ga ya tsaya. Ya ɗaga shi ya sauke, ya mayar hannu ɗaya, ya sake ɗagawa. Shi ya ƙera shi da hannunsa shekarun baya, ya san nauyinsa kamar yadda na san nauyin tukunyar miyata.

"Ya yi nauyi," ya ce.

"Ba datti ba ne? Ai shi ya sa aka kawo."

Ya kunna ƙaramar fitila ya leƙa ciki, ya daɗe yana leƙawa, sannan ya buga bakin a kan farar takarda. Wasu ɓarɓashi masu launin toka suka zubo. Ya murza ɗaya da farce, ya miƙo mini yatsan.

"Wannan ba kunkunniya ba ce, Marlys. Dalma ce."

Ya yi mini bayani, ni kuma zan faɗa muku yadda na gane. Harsashin babbar bindiga a lulluɓe yake da jan ƙarfe, in ya wuce hayaƙi kawai yake bari. Ƙaramin harsashin bindigar yara kuwa dalma ce tsirara, tana narkewa tana mannewa a ciki. Kowane maharbi a nan ya san ba a zura ƙaramin harsashi ta cikin babban gwangwani irin wannan, wanda aka liƙe ba a buɗe shi, don dalmar ba ta fita da sauƙi. Kafin ta taru har hannu ya ji nauyinta, sai an yi harbi mai yawan gaske. Sannan ya nuna mini gindin, inda ake murɗawa. Akwai wasu sababbin ƙarce-ƙarce, alamar an ɗaura wani mahaɗi don gwangwanin ya hau bakin bindigar da ba tasa ba.

"Ba aikina ba ne wannan," ya ce. "Ni mahaɗina ba ya cizon ƙarfe. Daga wani wuri ya samo, don kar in sani."

"To wataƙila ya ara wa wani."

"Ba a ara. Da sunansa gwamnati ta rubuta shi, in wani ya riƙe ba ya wurin, kurkuku ne. Duane ya san haka sarai. Duk abin da ya bi ta cikin nan, shi ya harba." Ya ajiye gwangwanin a hankali. "Kuma ƙaramin harsashi a cikin babban gwangwani, shi ne wanda maƙwabci ba ya ji."

Na ce, "Yaya, Duane ne fa."

Ya ce, "Na san ko wane ne."

Na roƙe shi ya tambaye shi baki da baki, ya ce zai yi. Washegari da safe suka zauna a wurina kamar kullum. Na zo zuba kofi, Duane ya ce in tsaya a rabi, abin da ya ɗan jima yana yi ban sa a raina ba. Merle ya bar shi ya fara ci, sannan ya ce, kamar maganar ba ta dame shi ba, "Me kake harbawa a gwangwanin nan?"

"Abin da na saba."

"Shi kaɗai?"

"Kurma, kunnen daman ma ya tafi ne? Na ce abin da na saba."

"Na ga dalma a ciki."

Duane ya ajiye cokali. Wuyansa ya yi ja har zuwa kunne. "To in ka gani sai me? Wanki na kawo maka, ba duba ba. In ba za ka iya ba, akwai masu iyawa a birnin Billings."

"Ka sayi ƙaramar bindiga ne?"

"Ni? Ni Duane? Ka taɓa ganina da abin wasan yara?" Ya miƙe har kujera ta faɗi, ya sa hula, ya ce mini, "Marlys, yayanki ya fara ruɗewa, ku kai shi asibiti." Ya fita ya bar rabin ƙwai.

Da ya yi shiru ma da ya fi masa. Ƙaryar ce ta gama da Merle. Daga ranar ya shiga tono, kuma mai irin halinsa in ya fara tono ba abin da ba ya samu. Ya tuna duk hunturun Duane bai gayyace shi gona ba, alhali da can ba ya sati biyu bai je ba. Ya tuna ƙofar shiga gonar, wadda tun zamanin uban Duane a buɗe take, yanzu da kwaɗo. Ya je gidan waya ya ja mai raba wasiƙu da hira har ya ji cewa an sha kawo wa Duane ƙananan kwalaye masu nauyi. Ya tuna rafin da aka tsinci barewa ta biyu ya ratsa ta bayan gonar Duane. Ya zo ya zube mini duka a kicin ina yankan albasa.

Na ce, "Mutumin da ke da shanu cike da gona, me zai yi da naman barewa?"

"Wa ya sani? Wa ya san abin da ke cikin mutum?"

"Kai ka sani. Tun kuna yara kuke tare."

"Tun muna yara bai taɓa yi mini ƙarya ba. Yanzu ya yi." Ya murza fuska da tafin hannu. "Gari yana cewa kayana ne ke kashe barewa. In na wanke gwangwanin nan na mayar masa, na wanke shaida da hannuna. Ranar da aka kama shi, ni ma na shiga, lasisi ya tafi. In kuma na kai shi wurin Tess…"

Na ce ya sake zuwa gonar ya same shi su biyu, ba a gaban mutane ba. Ya ce an sa kwaɗo. Na ce to ya kira Lorna, matar Duane. Ya ce ai mata ba ta tona mijinta. Duk ƙofar da na buɗe masa sai ya nuna mini ɓarawon da ke bayanta. Gwangwanin ya yi kwanaki a kan teburinsa, bai wanke ba, bai mayar ba. Ta taga nake ganinsa yana ɗauka yana ajiyewa. Ran nan da hantsi na ga motar Tess a ƙofar shagon, na san ya kira ta, an gama.

Abin da ya faru a gonar, daga bakin Lorna na ji, ta zo wurina bayan kwana biyu idonta a kumbure. Ta ce Tess ta iso da rana, ta yi sallama da ladabi, ta ce tana son ganin ƙaramar bindigar. Duane ya wuce gaba ya kai ta rumbun ciyawa. A can ƙarshen rumbun ya jera damman ciyawa har sama, a gabansu allon katako da gwangwanayen wake a jere, daga nan gefe kuma benci da buhun yashi. Bindigar 'yan makaranta tana jingine. Allon duk ya zama rariya, gwangwanayen waken kuwa yawancinsu ko ƙwarzane babu.

Sai ya zaro hannun dama daga aljihu ya nuna mata. Hannun yana rawa, ba ya tsayawa. Tun kaka likita ya faɗa masa sunan ciwon, ya ce ba ya warkewa, sai dai a lallaɓa. Babbar bindigar ta fi ƙarfinsa, ranar ƙarshe da ya harba ta sai da ta zaunar da shi a ƙasa. Shi ne ya je wani gari inda ba a san shi ba ya sayo ƙaramar, ya yi odar mahaɗi ta gidan waya, ya shiga rumbu duk hunturu yana koya wa hannunsa harbi daga farko. Gwangwanin kuwa ya ɗaura ne don kar maƙwabta su ji tas-tas ɗin ƙaramar bindiga daga gonar Duane Pribyl. Ya san dalma za ta ɓata shi. Ya ɗauka Merle zai yi ta masifa ya wanke, shi ke nan.

Tess ta ce ba sai ya gwada mata ba, shi ya nace. Ya zauna a bencin ya harba, ya sake, ya sake, gwangwanin wake yana nan tsaye a gabansa. Ta cire hula ta ba shi haƙuri ta tafi.

Amma motar malamar daji ba ta shiga gonar mutum a ɓoye. Kafin yamma gari ya ɗauka an kama mai kashe barewa. Lorna ta rasa yadda za ta yi, don ta wanke mijinta dole ta faɗi gaskiyar, a coci da kanti da wurina. Abin da ya ɓoye wata da watanni ya zama hirar kowa, har da masu kawo masa miya a kwano suna yi masa magana a hankali kamar jariri.

Gwangwani ba mai karɓa sai mai sunan, don haka dole Duane ya zo da kansa. Da na hango a-kori-kurarsa na kashe wuta na tsallaka titi. Merle ya riga ya wanke shi iyakar yadda zai wanku, ya goge yana ƙyalli.

"Ga shi," ya ce. "Bai fita duka ba, amma zai yi aiki."

Duane bai kalle shi ba.

"Da ka faɗa mini," Merle ya ce, "da na ƙera maka ƙarami mara nauyi, daidai ita. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Kai ne farkon wanda ba na so ya sani."

"Na tambaye ka, ka yi mini ƙarya."

"Ka tambaye ni a gaban gari, da cokali a hannuna." Muryarsa ta sauka ƙasa, abin da ban taɓa ji ba. "Kullum ina zaune a gefenka ina shan rabin kofi don kar ya zube. Ka ga ɓarɓashin dalma a cikin bututu mai duhu, ba ka ga wannan ba?"

Ya miƙa hannun dama da gangan ya ɗauki gwangwanin. Hannun ya girgiza, abin ya suɓuce ya faɗi ya gangara ƙarƙashin tebur. Merle ya sunkuya.

"Kar ka taɓa," Duane ya ce.

Muna tsaye muna kallo ƙaton nan ya durƙusa da ƙyar ya lalubo shi, ya sa a aljihu, ya dafa tebur ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce mini, "Sai anjima, Marlys," ya fita.

Mai kashe barewar ba a kama shi ba har yau. Abin ya tsaya da kansa da bazara ta shigo, kuma Merle yana da sunayen mutane da dama a ransa, yana sauya su gwargwadon wanda ya gaishe shi da fara'a a makon. Mutane sun ci gaba da kawo kayansu shagonsa, har wasu suna yaba masa, wai mutum ne da ko abokinsa bai rufa wa asiri ba. In ya ji haka sai ya tashi ya shige ciki ya kunna inji.

Duane ya daina zuwa karyawa. Da kaka ta zagayo na matsa wa Merle, na gasa kek ɗin tuffa na ɗora masa a kujerar mota na ce ya kai. Ya tafi da hantsi, bai jima ba ya dawo, ya shigo ya zauna ba kek ɗin a hannunsa.

"Lorna ta karɓa a bakin ƙofar gona," ya ce. "Wai barci yake."

"To ai sai wani lokacin."

"Ba barci yake ba. Na hango shi a baranda, a zaune, da hularsa."

"Na sani, Yaya."

"To me zai sa ta ce barci yake? Shi ya sa ta, ko ita ce ba ta so mu haɗu? Ni dama matar nan tun ranar bikinsu…"

Na tura masa farantin dankali gabansa na ce, "Ci abincinka kafin ya huce."